Fuskar Onarabul a Goshin Jirgi

Ranar da aka ba ni tuƙin jirgin dam, Bappa Sali, ƙanin mahaifina da ya riƙe ni, ya kira ni zaure ya fara lanƙwasa yatsu. Makaranta na bar ta a aji biyu na sakandare. Acaɓa, wata huɗu. Cajin waya, wata biyu. Wankin mota, sayar da rake a tashar Michika, sai walda, wadda na yi wa kwana tara.

"Wannan na bakwai ke nan, Sajo," ya ce. "Ko ka bari da kanka ko a kore ka, duk ɗaya ne a wurina. Ranar da ka dawo gidan nan ba aiki, washegari kana gonata ta Kolere da fartanya a kafaɗa, kuma ba za ka sake taka kwalta ba sai an kai amfani gida."

Wanda bai san Kolere da damina ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Hanya takan zama kunu, waya ba ta kamawa sai ka hau kan suri. Ni kuwa in na yi awa guda a wuri ɗaya tafin ƙafata ƙaiƙayi yake yi. Na ce, "Bappa, wannan karon na zauna."

"Haka ka ce a walda," ya ce.

Dam ɗin yana bayan Mayo Bani. Tun da aka tare ruwan, mutanen tsallake sai sun yi zagayen awa biyu a ƙafa kafin su iso titi. Da zaɓe ya matso, Onarabul ɗinmu ya kawo jirgin katako mai inji, aka yi kiɗa, aka yanka ƙyalle. Jirgin ya yi mako uku yana aiki, fetur ya yi tashin da kowa ya sani, aka ɗaure shi a gindin giginya, kaji suka mai da shi wurin ƙwai.

Baba Tizhe ne ya tashe shi. Mutumin Michika ne, ya yi shekara ashirin da shida a Legas yana kula da jiragen wasan Turawa, irin waɗanda ba su da inji sai ƙyalle. Ya dawo gida da ciwon gwiwa da hular da gishirin teku ya cinye. Shi ya ce iskar da ke sauko mana daga duwatsun gabas tana yaye rufin mutane kyauta, me zai hana ta tura jirgi kyauta? Ya kafa bututun wata rijiyar burtsatse da ta mutu a tsakiyar jirgin, ya sassaƙa tsohuwar ƙofa ya maƙala a baya don juya shi, muka sa mata suna wutsiya. Ya ɗaura tsohon tampol ɗin babbar mota a jikin bututun. Yara suka ce jirgi ya ɗaura zani, sunan ya bi shi. Mako biyar yana koya mini da safe, lokacin da iska take da ladabi, har na iya kai jirgin tsallake na dawo.

"Wannan zanin baya ne, na iska mai hankali," ya ce mini wata rana. Hausarsa irin ta 'yan dutse ce, komai namiji ne a bakinsa. "Amma damina ya kusa. In iskar hadari ya zo, za ka sauke babban nan da sauri, ka bar ƙarami a goshi. In ba ka da zanin goshi mai kyau, kai da fasinja za ku gaisa da kifi."

Zanin baya bai dami kowa ba. Amma da aka ji akwai na goshi, wanda mai hoto zai fara gani in jirgi ya nufo gaɓa, sai aka kafa kwamiti. Mu uku ne: Ciyaman Abdullateef, wanda ke riƙe wa Onarabul mazaɓa da kuma wayoyinsa in ya shiga masallaci, sai Baba Tizhe a matsayin masani, sai ni a madadin matasa.

A zaman farko Ciyaman ya sa aka shigo da wani nannaɗaɗɗen abu, aka warware shi a tsakar ofis. Fostar kamfe ce ta roba, wadda ta yi shekara biyu a rataye a mahaɗar titi. Fuskar Onarabul ta fi tabarmar sallar mutum huɗu, haƙori ɗaya ya kai tafin hannuna.

"Ga ƙyalle Allah ya kawo," Ciyaman ya ce. "Ruwa ba ya ratsa shi."

Baba Tizhe ya kama gefe ya ja, robar ta miƙe ba ta koma ba. "Rana ya riga ya dafa shi. Kuma ya yi girma sau uku. Na goshi ƙarami ake so, shafaffe, kada ya yi tumbi."

"To a yanke kunnen Onarabul ke nan?"

"Iska ba ya karanta fosta, Ciyaman."

"Masu zaɓe suna karantawa, Baba."

Aka tashi a kan za a je a ga maɗinka biyu, na kowa ɗaya.

Na Baba Tizhe mace ce, Mama Hanatu, a bayan layin masu hatsi. Sana'arta haɗa buhuna su zama shimfiɗar shanya masara da rufin kaya a kan mota. Ba ta da keken ɗinki, basilla ce da zaren da ake zarewa daga tsohuwar taya. Muka same ta zaune a kan turmi a kife, ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen layi. Baba Tizhe ya zana mata siffar a ƙasa, mai kusurwa uku.

"Ina ne yake shan ja?" ta tambaya.

Ya nuna kusurwoyin.

"To nan zan ninka huɗu. Gefen gaba in naɗe igiya a ciki. Saƙar buhun kuma ta bi inda jan yake, in ta karkace zai yi ciki kamar akuya. Ɗinki kada ya yi kusa da kusa, huji da yawa shi ke kashe buhu. Amma sabon buhu nake so, wanda rana ba ta taɓa ba. Akwai masu juye taki a wasu buhuna a nan baya, kullum ina samun sabbi fil a wurinsu."

Ciyaman ya toshe hanci da bakin rigarsa. "Mama, jirgin Onarabul ne fa. Buhu?"

"Ɗana, motar da ke kai masara Maiduguri a guje, me ke rufe da ita? Shadda?"

Na Ciyaman kuwa Mu'awiya ne, sarkin surfani, mai shago da gilashi da fanka biyu. Shi ke yi wa manya babbar riga, kuma ni kaina na sha tsayawa a ƙofarsa ina kallon aikin da ba zan iya saya ba. Ya ba mu lemo mai sanyi. Ya dubi fostar ya ce ai wannan fuska ba a barinta tsirara, zai zagaye ta da zaren gwal layi biyar, ya yi wa hular aiki, ya rubuta sunan jirgi a ƙasa.

"Ka taɓa ɗinka abin da iska zai ja?" Baba Tizhe ya tambaye shi.

"Baba, rigar da na yi wa wani hakimi ya hau babur da ita har Yola."

Da muka fito, Ciyaman ya ja ni gefe ya dafa kafaɗata. "Sajo, Onarabul ya ce matuƙin jirginsa ba zai tsaya da silifas ba. An yi maka odar farar riga mai igiya a kafaɗa da hula mai baki. Kyaftin Sajo. Kuma ka san takardar ɗaukarka a teburina take, ban sa hannu ba tukuna." Ya yi murmushi. "Gobe za mu kaɗa ƙuri'a."

Ba zan yi ƙarya ba, na san wanda ke da gaskiya. Mako biyar ina riƙe da igiya, na san yadda iska ke fizga. Amma na tuna surin Kolere, na kuma hango kaina da farar hula ina wucewa ta gaban masu cajin waya. Washegari Ciyaman ya ɗaga hannu, Baba Tizhe ya naɗe nasa a ƙirji, ni kuma na ɗaga nawa rabi, kamar mai korar ƙuda. Aka ƙirga shi cikakke.

Baba Tizhe bai yi mini faɗa ba. Da aka kawo aikin Mu'awiya bayan kwana takwas, ya ɗaga shi saitin rana ya ce in zo in gani. Kyau kam ya yi kyau. Amma duk inda zaren gwal ya bi, haske yana ratsowa ta dubban hujin allura a jere, layi biyar, zagaye da fuskar.

"Ka san tikitin kasuwa?" ya ce. "Me ya sa ake masa ƙananan huji a tsakiya?"

"Don ya yage daidai."

"To."

Aka sa ranar ƙaddamarwa Laraba bayan azahar, don da safe Onarabul yana da wata ƙaddamarwar. Baba Tizhe ya ce bayan azahar ne hadari ke haɗuwa, Ciyaman ya ce an riga an buga katin gayyata. Gwiwa ta hana Baba shiga jirgi, amma kafin mutane su taru na ga ya tura wani ƙunshi ƙarƙashin bencin gaba.

"Na Hanatu ne," ya ce. "Ni na sa ta yi. Igiya yana jiki, ƙugiya yana jiki. In ba ka buƙace shi ba, ka yi matashi da shi."

An kafa rumfa a gaɓa, an kawo kujerun roba, makaɗa, da masu ɗaukar hoto da waya fiye da ashirin. Manoman Mayo Bani da na tsallake sun cika wurin. Tsarin shi ne mu tafi tsallake mu ɗauko fasinja, mu nufo rumfa da fuskar Onarabul a gaba, shi kuma ya tarbi kansa da kansa. An so ya shiga jirgin, ya ce likita ya hana shi iska. Ciyaman ya wakilce shi cikin babbar riga mai ruwan ƙwai.

Tafiya lafiya lau. Na ɗauko mata shida da ƙoren nono, da wani tsoho da akuya. Shugabarsu Adda Khadijatu ta dubi farar rigata ta ce, "Sajo, yaushe ka zama ɗan sandan ruwa?"

"Kyaftin ake cewa, Adda."

"To Kyaftin, ka dubi gabas."

Na duba. Duwatsun sun ɓace, wani baƙi ya hau kansu. Muna tsakiyar dam, inda gora ba ta taɓa ƙasa, ruwan ya yi tsit, sai ga shi ya fara yamutsewa daga nesa yana nufo mu. Na saki igiyar zanin baya na sauke shi kamar yadda aka koya mini.

"Me kake yi?" Ciyaman ya daka mini tsawa. "Ana ɗaukar mu!"

Iskar ta iso. Fostar ta cika ta yi tumbi, kumatun Onarabul suka kumbura kamar mai busa algaita, jirgin ya kwanta gefe har ruwa ya leƙo. Ƙwarya biyu suka kife, akuya ta hau cinyar Ciyaman. Sai na ji wani sauti, ƙyarrr, kamar an ja zif. Ya fara daga haɓa, ya bi zaren gwal ta kunnen dama, ya haye hula, ya sauko ta hagu. Aikin Mu'awiya ba karkace, fuskar ta fita cif, ba ta bar ko gemu ba. Ta tashi sama tana juyi tana murmushi, ta haye kan rumfa, ta nufi wajen gonakin rake. Daga gaɓa muka ji makaɗa sun tsaya.

Abin da ya rage mana ƙaton rami ne da zaren gwal a gefe, yana kaɗawa kamar bulala. Jirgi ya juya ya ba iska haƙarƙari, igiyar ruwa ta fara dukanmu, kuma inda take tura mu bakin madatsar ne, wurin da aka jibge duwatsu.

"Ku bi fuskar!" Ciyaman yake ihu. "Sajo, juya ka bi ta!"

"Alhaji, rufe mana baki ka kama ƙwarya," Adda Khadijatu ta ce, ta danƙa masa ɗaya. "Kwashe ruwa. Kai kuma ɗan sanda, in kana da dabara yanzu ne lokacinta."

Na miƙa wa tsoho mai akuya wutsiyar na ce ya riƙe ta miƙe, na rarrafa goshi. Hulata ta bi Onarabul. Na yanke ragowar fostar da wuƙar rake da ban taɓa rabuwa da ita ba, na jawo ƙunshin Mama Hanatu, na maƙala ƙugiya, na ja. Ɗan ƙarami ne, ko rabin fostar bai kai ba. Ya hau, ya yi kas sau ɗaya, ya tsaya shafaffe kamar allo. Na koma na karɓi wutsiya, na ɗaure igiyar a hannu. Jirgin ya ɗago, ya sa goshi inda na nuna masa, ya fara yanka ruwa. Ban taɓa jin gudu irin wannan ba. Duwatsun suka wuce ta hagunmu, kusa har ina ganin ƙadangaru. Matan suka fara guɗa, ni ma na ce a raina yau Bappa zai san ya reni ɗa.

Ina ta kallon ruwa da igiya, ban kalli abin da ke jikin zanin ba. Sai da muka matso gaɓa na ga mutane ba tafi suke ba, karatu suke. Masu waya duk sun ɗaga. Na ɗaga kai.

Buhu tara Mama Hanatu ta haɗa, sabbi fil, kuma kowanne da koren rubutu manya: TAKIN ZAMANI, KYAUTAR ONARABUL GA MANOMAN MAZAƁARSA. A ƙasa da ja: BA NA SAYARWA BA NE. Sau tara, da ƙaramin hotonsa a kowane buhu.

Takin nan an yi shelarsa a rediyo wata biyu da suka wuce. Babu manomi ɗaya a gaɓar nan da ya ga ƙwayarsa, sai dai a kasuwa cikin farin buhu marar suna.

Wani dattijo ya ce da ƙarfi, "Ashe ya iso! Ta ruwa aka biyo da shi."

"Buhun ya iso dai," wani ya amsa. "A tambayi Hanatu inda ta samo, can cikinsa yake."

Dariyar ta fara daga baya ta gangaro har rumfa, daga nan ta daina zama dariya. Kafin in ɗaure jirgi, an sa Onarabul a mota, ruwan sama ya sauko, kujerun roba suna ta gudu su kaɗai. Matan suka sauka ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ruwan dam ya jiƙa sama da gwiwa. Adda Khadijatu ta ajiye mini ƙwaryar nonon da ta tsira, ta yi godiya da Fulatanci, "Useko, Kyaftin." Baba Tizhe ya je yana shafa kusurwoyin zanin yana duba ɗinkin, ko zare ɗaya bai motsa ba.

Washegari kwamiti ya zauna, mu uku, da Mama Hanatu a matsayin wadda ake tuhuma. Ciyaman yana ta atishawa.

"Mama, da gangan kika yi."

"Ɗana, sabon buhu aka ce, na nemo wanda ya fi kowanne sabunta. Ni ina ruwana da rubutu? Saƙa nake dubawa."

"Ba ke ke karanta sanarwa a cocinku ba?"

"Ran Lahadi ke nan, da tabarau."

Da ya ga ba zai ci riba a kanta ba, ya juyo kaina. Laifina uku ne: sauke zanin baya ba da izini ba, sakin fuskar Onarabul, da ɗaga kayan da kwamiti bai amince da su ba. Baba Tizhe ya ce a ƙara na huɗu, kawo mutum tara da akuya gaɓa da rai. Ciyaman ya ce wannan ba ya cikin ajanda. Aka zo ƙuri'a, ya ce wanda ake tuhuma ba ya zaɓe, in kuma aka yi kunnen doki ciyaman ke raba gardama. Ya raba. Ya karɓi farar rigar, ya ce a sa wa jirgin sarƙa da kwaɗo har kwamitin bincike ya gano wanda ya turo iskar.

Na iso gida da la'asar. Bappa Sali yana zaure da waya a hannu, yana kallon bidiyon jirgin, wanda a lokacin ya zaga Mubi har ya kai Yola. Ya mayar da shi baya ya sake kallo, kafaɗunsa suna rawa.

"Wannan kai ne a baya?"

"Ni ne, Bappa."

"Ka iya abin nan fa. Wallahi ka iya." Ya goge ido. "An kore ka?"

"An kore ni. Amma Bappa, ai ka gani, ba ni na bari ba. Ceton rai na yi."

"Na gani. Tizhe kuma ya biyo nan ɗazu. Ya ce ranar ƙuri'a da hannunka ya zauna a aljihu, da tun farko na Hanatu aka ɗaura, ta juya rubutun ciki ta ninka, ba wanda ya ji ba wanda ya gani." Ya ajiye wayar. "Haka ne?"

Na sunkuya ina gyara silifas ɗina.

"Motar Kolere ƙarfe bakwai take tashi, in ta tashi. Ka ɗauki takalmin roba."

Da safe motar ta kai mu inda za ta iya, ta zauna cikin laka har ƙofa. Direba ya ce kowa ya sauka ya tura. Na naɗe wando na shiga, laka ta haɗiye takalmin ɗaya, wata mata a bayana ta ce, "Kai, ba kai ne na jirgin nan ba?" Na ce ni ne. Ta ce to in matsa gaba wajen taya, nan ne ake buƙatar masu ƙarfi.